Garar da Baba Ya Shuka

Shekara goma sha shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba manomin alkama na Dundaye, Allah ya jiƙansa da rahama. Duk shekara in sanyi ya fara shigowa sai in ɗauki alƙalami zan rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Dalili kuwa, abin da na fi tuna shi da shi, a lokacin da ya faru ban ɗauke shi abin yabo ba. Baba ne ya sa aka kai garata gidan miji babu alkaki. Duk macen da ta tashi a Sakkwato ta san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Lokacin kuɗin mai ne, soja na mulki. Samarin ƙauyenmu sun watsar da fadama sun shiga birni ɗaukar kwanon kankare, burodi ya cika gari. A cikin wannan hali wani malamin gona ya zo da sabon irin alkama, gajeruwa, ya bi manoma yana roƙo su gwada. Dariya suka yi masa. Wani ma ya ce ko ɗan akuya ba zai ɓuya a cikinta ba. Baba ya karɓi ɗan abin da aka ba shi, ya ware mata kusurwar gona, yana ba ta ruwa da jigo kamar sauran. Da iska ta taso, doguwar alkamarmu ta gado ta kwanta, tsuntsaye suka gama da abin da ya rage. Gajeruwar nan ta tsaya cak. Da aka sussuke, masu dariyar suka dawo suna sosa ƙeya, suna neman iri. Baba ya ce musu, "In Allah ya kai mu sanyi, kowa shi zo da ƙwaryatai."

Sai ga shi an sa bikina daidai shigowar sanyin. Mijin ɗan gidan 'yan kasuwa ne a cikin gari, gida mai jama'a, mai mata masu ido. Innata ta daɗe da sa rai a kan buhunan sabuwar alkamar da ke jingine a ɗakin Baba, don a shekarar alkama ta yi wuya a kasuwa. Fulawa kam ga ta nan har a bakin titi, amma ba a yin alkaki da fulawa, sai da ɓarzajjiyar alkama. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ta same shi.

"Malam, ɗiyarka ce ta fari fa. Mi za mu ce ma dangin miji?"

"Ki ce musu iri ne. Na riga na ce ma mutane su zo."

"Ai an ce gwamnati za ta kawo musu nasu."

"In sunka kawo kafin ranar, ki kwashe duka."

Ba su kawo ba. Irin gwamnati sai da sanyi ya kusa fita ya iso, lokacin da ko mahaukaci ba zai shuka alkama ba. Inna ta turo masa yayarsa, Gwaggo, wadda ko shi yana shakkarta. Ya saurare ta har ta gaji, ya raka ta bakin hanya, buhu bai motsa ba. Ina kallo maza suka riƙa shigowa da ƙorai, yana auna musu, kowace ƙwarya ta fita sai in ji kamar daga jikina aka yanka.

Ranar gara an kai shinkafa, an kai mai, ga nakiya ga dublan. Matan gidan suka riƙa buɗe fantekoki ɗaya bayan ɗaya, na san abin da suke nema. Da suka kai ta ƙarshe, uwar mijina, Hajiya, ta rufe murfin a hankali ta ce, "Ashe ɗiyar manomin alkama ce." Ba ta ƙara ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka, na ji haushin Baba ƙwarai, kuma har yau ban gama yarda cewa 'yan mudu kaɗan za su rushe duniya ba. Shi dai abin da ya gani, in ya ɗebar mini, ƙwaryar wani za ta koma gida babu komai, gonarsa ta kwana shekara guda.

A al'adar manomanmu, wanda aka ba iri yakan mayar wa mai shi bayan girbi, har da ɗan ƙari. Da zafi ya shigo aka yanke alkama, mutanen suka ɗauko za su mayar, Baba ya ce kada a shigo masa da ko ƙwaya. "Ku kai ma ɗiyata Luba, garatta ce kunka shuka." Matansu suka ce ba za a kai wa amarya ɗanyar alkama ba. Wata rana da hantsi ina wanke-wanke sai ga akori-kura a ƙofar gida, matan Dundaye suna sauka da fantekoki a ka, ana guɗa. Alkaki ne, har da na zuma. Hajiya ta rasa inda za ta sa kanta, ta yini tana aika yara da kwanoni gida-gida, tana cewa garar sarakuwarta ce ta iso. Tun daga ranar manoman yankin suke kiran wannan alkama Garar Luba.

Baba bai zo ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Da na je gaishe shi, abin da ya tambaye ni kawai shi ne ko alkakin ya yi daɗi awa na tsohuwar alkama. Na gaya masa gaskiya, na tsohuwar ya fi ƙanshi. Ya ce shi ma haka ya ji, amma ƙanshi ba ya cika rumbu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga abin da ya biyo baya. Bai ga lokacin da gwamnati ta hana shigo da alkama ba, kowa ya zama manomi, har masu manyan riguna da ba su san gabas da yammar fadama ba. Bai ga sanda aka sake buɗe ƙofa aka bar ƙananan manoma da buhuna ba mai saye. Injin ban-ruwa zai burge shi, don jigo ne ya cinye masa kafaɗa. Amma da zai ji cewa har yau iri sai ya makara yake isa hannun talaka, na san girgiza kai zai yi. Malaman gona yanzu suna cewa Garar Luba ta tsufa, ta gauraye, an samo waɗanda suka fi ta. Ban yi musu ba. Da Baba na nan shi zai fara karɓa ya ware musu kusurwa. Ba alkamar ya riƙe ba, alkawarin da ya yi wa mutane ya riƙe.

Bana an sa bikin 'yata ta fari. Makon jiya Malam Isa, ɗaya daga cikin masu ƙwaryar nan, ya zo gidana a unguwar Mabera a kan kekensa, tsufa ya kama shi, ya sauke ɗan buhu a zaure. An ce shi kaɗai ya rage yana shuka Garar Luba. Ya ce a yi wa jikar Malam Garba alkaki da ita. Na zuba hannu a ciki, idona ya cika. Sai na tuna sanyi ya fara shigowa.

Na ce, "Baba Isa, ka bar na iri?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Na gane irin da zai shuka ne ya kawo mini.

Alkakin 'yata da alkamar kasuwa za a yi. Da hannuna na taya shi ɗaure buhun a bayan keke, na ce masa bayan girbi muna jira.