Rigar Ɗan Maƙwabciya

Cikin shekarun da na yi ina koyar da saƙa, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wadda Falmata ta miƙo mini wata 'yar riga a ƙunshe cikin leda. Lokacin ina aiki a wata cibiyar koya wa mata sana'a a Haɗeja, dab da yin ritayata. An gama yankan shinkafa, sanyin fadama ya fara shigowa gari, kowace ɗaliba kayan sanyin yara take saƙawa.

Ga wanda bai san aikin ba: da tsinkaye biyu ake saƙar ulu, kuma kowane ɗan madaukin zare da ke kan tsinke muna ce masa ido. In ido ɗaya ya suɓuce ba a lura ba, sai ya riƙa zamewa ƙasa yana barin wata hanya kamar tsani. Ƙa'idar cibiyarmu ita ce duk Alhamis shugaba takan zagayo ta duba aiki, wanda ta ga ɓarna a cikinsa a warware shi a sake daga farko. Ban ga laifin ƙa'idar ba. Ni ma haka aka koya mini a Injamena, inda mai gidana ya yi fataucin fatu: malamarmu ba ta faɗa, sai dai ta zare tsinken ta miƙo miki bakin zaren, ta ce da Faransanci ki ja da kanki.

Falmata yarinya ce daga Malam Madori, iyayenta Barebari, aure ya kawo ta Haɗeja. Tare take zuwa aji da surukarta, Hajiya Kande, tsohuwa mai barkwanci wadda ta ce ta shigo ne don kada zaman gida ya kashe mata ƙafa. Hannun Falmata ya fi na kowa tsafta a ajin. Shi ya sa da na buɗe ledar nan na yi sororo. Riga ce shuɗiya ta jariri, tsani biyu a gabanta, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan kuma a tsuke, ko lemo ba zai wuce ba balle kan yaro.

"Ta wace ce?" na tambaye ta.

"Ta maƙwabciyarmu ce, Malama. Ta ce a duba mata."

Ta faɗa ne tana kallon tabarma. Na juya rigar. Kowace masaƙiya da yadda take jan zarenta, kamar yadda kowa ke da tafiyarsa. Wannan jan na Falmata ne. Na dubi yadda ta zauna a karkace cikin zurmemen hijabinta, sai na gane abin da ya kamata in gane tuntuni. Na sassauta murya na koma Barbarci, wanda na tsinta a zamanmu na Maiduguri, don kada na kusa su ji.

"Maƙwabciyar nan, a ina take saƙarta?"

Ta ce, "A cikin hijabi."

Cikinta na fari ne. Gidansu kuwa gidan yawa ne, ɗakinta na kallon na surukarta, ba a raba ta da masu shigowa. A wurinmu yarinya ba ta nuna ɗokin ɗan fari, balle a gan ta tana tanadar masa kaya da hannunta a gaban uwar miji. Sai ta riƙa cusa hannuwa cikin hijabi tana saƙa da lalube, fuskarta na wajen hira. Ba ta ganin idon da ya faɗi, ba ta iya ƙirga layi. Na zauna a Khartum, inda na ga mai ciki tana baje kayan jariri a gaban kowa ana yi mata guɗa. Na ga irin haka a Makka. Amma ban taɓa ganin wadda ta saƙa riga sukutum ba tare da ta kalle ta ba sai a garinmu.

Damuwarta ita ce an sa ranar da za a kai ta gidansu goyon ciki, saura kwanaki kaɗan. Can babu mai saƙa, kuma kunyar iyaye ta fi ta suruka. In shugaba ta ga rigar, warwarewa za a yi a gaban aji, a kuma tambayi mai ita. Ga zaren ya riga ya sha warwara har ya fara gashi.

"Ba na so a saya masa ta kasuwa, Malama," ta ce. Karo na farko ke nan da ta ce "masa".

Na ce mata ba duk ɓarna ce ke bukatar a rushe aiki ba. Na ɗauko kwarashi, ɗan tsinke mai ƙugiya a baki, na kamo idon da ya zame a can ƙasan tsanin, na riƙa jawo zaren kowane mataki ta cikinsa har ya hau kan tsinke. Tsani na biyu na ba ta ta yi da kanta. Wuyan kuma na zura wani zare fari a layin da ke da kyau don ya tare warwarar, sannan muka kwance bakin kawai. Muna cikin haka na ji sanda ta ƙwanƙwasa ƙasa a bayana.

"Me ake ƙus-ƙus da yaren da ba na ji?" Hajiya Kande ce.

Falmata ta yi wuf za ta tura rigar cikin hijabi, tsohuwar ta riga ta kamawa. Ta ɗaga ta sama, ta auna hannayen biyu, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Wannan ɗan maƙwabciya, hannunsa ɗaya na sarkin masunta ne? Da shi zai riƙa kamo tarwaɗa daga gaɓa?"

Daidai lokacin shugaba ta iso layinmu, don ranar Alhamis ce. Ta karɓi rigar ta duba, ta ce, "Aikin wace ce wannan?"

Kafin in buɗe baki Hajiya Kande ta ce, "Nawa ne, ranki ya daɗe. Sabon miji nake jira, na ce bari in yi masa riga kafin ya iso ya ce ban iya komai ba. Ido ne ya ƙi. In za a warware, a haɗa da ni a warware."

Ajin ya kwashe da dariya, don kowa ya san kaka da jikanta namiji haka suke wasa. Shugaba ta dube ni, ta dubi Falmata da ta sunkuyar da kai, ta mayar da rigar ta ce, "Malama, ki ga an gyara," ta wuce.

Tsohuwar ta jefa wa Falmata rigar a cinya, ta haɗe fuska. "Ke 'yar nan, zuba mini ido za ki yi? Karɓi ki taya ni. Kuma a fili za ki yi, a tsakar gida inda haske yake, in riƙa ganin kada ki ɓata mini aiki."

Da aka tashi na raka Hajiya Kande bakin ƙofa tana jiran mai keke. Ta ce da ni a hankali, "Malama, tun farkon watan jiya nake ganin hijabin nan yana motsi kamar an saka kaza a ciki. Ni ma a bayan rumbu na ɗinka wa ubansa bante."

Falmata ta gama rigar kafin tafiyarta, a tsakar gida, da sunan taya suruka. Namiji ta haifa. Ranar suna mun je Malam Madori, na same shi cikin shuɗiyar rigarsa. Akwai wani ido guda a ƙarƙashin hammata da ya ɗan karkace, wanda duk mun tsallake. Hajiya Kande ta riƙa bin mata tana nuna musu shi tana cewa nan ne idonta ya gaza, ita kuwa uwar tana gefe tana kallon bango kamar ba ta san yaron ba.

Ku da kuka gaje mu a wannan aiki, kamo ido da kwarashi abu ne da za ku koya a yini guda. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne ku saba tambayar kanku, kafin ku zare tsinke, a ina hannun nan yake lokacin da ya yi kuskuren. Matanmu ba sa faɗin komai da baki, amma yana nan a jikin saƙarsu. Tun daga ranar, duk wadda ta kawo mini aikin maƙwabciya, ba na tambayar sunan maƙwabciyar. Sai in matsa mata wuri kusa da taga.