Alamar Tambayar da Baba Injiniya Ya Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina wurin aiki ina faɗa da direban motar yashi, babbar 'yarka ta kira ni ta ce Allah ya yi maka rasuwa, Baba Injiniya. Kwana uku kacal ka yi a asibiti. Na zauna a kan bulo.

Shekara goma sha bakwai ina zana gine-gine, kai kana lissafin abin da zai riƙe su. Zanen farko da na kawo maka na ofis ne, gilashi tun daga ƙasa har sama, yana fuskantar yamma, ni kuwa sai ji da kai nake yi. Ba ka kushe ba. Ka ɗauke ni a tsohuwar motarka da ƙarfe uku na rana, ka tsayar da ni a filin da za a yi ginin har gumi ya jiƙe mini mayafi, sannan ka ce, "'Yata, haka masu ofis ɗin za su wuni. Ko ke za ki riƙa yi musu fifita?" A wurinka na koyi cewa nauyi ne ke zaɓa wa gini siffarsa, kuma bango mai kauri da tagar da aka sa a bakin iska sun fi na'urar sanyaya ɗaki amfani.

Kana da wata ɗabi'a da magina ba za su manta ba. Duk ranar da za a cire katakan da suka tallafe sabon rufi, kai kake shiga ƙarƙashi ka tsaya, hannu a baya, har a zare na ƙarshe. Na taɓa ce maka wannan ganganci ne. Ka yi dariya ka ce in rufi zai faɗo, wanda ya yi lissafinsa ya kamata ya fara samu.

Aikinmu na ƙarshe ɗakin karatun yara ne, na bulon ƙasa, mai rufi lanƙwasasshe kamar baka, babu ƙarfe a cikinsa. Ka so a sa ginshiƙi a tsakiya. Ni na kafe a kan a cire shi, don ɗakin ya yi fili da haske. Ka yi mako biyu kana lissafi, ka sauya lanƙwasar, ka ƙara wa bangon gabas kauri, ka sa hannu. An gama rufin. Katakan suna nan ba a cire ba.

Bayan rasuwarka da mako guda, Mama, matarka, ta miƙo mini littafin lissafinka. A shafi na tara, daidai inda ka rubuta kaurin bangon gabas, akwai alamar tambaya da fensir. Babu kwanan wata, babu bayani. Kafin ka ƙara kaurin ka yi ta, ko bayan ka ƙara? Injiniyoyi biyu sun sake bin lissafin, sun ce komai daidai ne. Na yarda da su, amma hankalina ya ƙi kwanciya. In na shiga ɗakin ina ratsa katakan nan, ɗaya ya ɗan yi ƙara, sai in waiga ina zaton kai ne. Na buɗe shafin nan ya fi sau hamsin, Baba, kuma ba ka ce mini komai ba.

Jiya shugaban magina ya same ni, ya ce, "Ranki ya daɗe, mu fa ba za mu taɓa katako ko ɗaya ba sai wani ya tsaya inda Baba yake tsayawa."

Na ce masa ranar Asabar. Ni na sa aka cire ginshiƙin, kuma yara tamanin za su zauna a wurin, don haka ni zan tsaya. Ban gaya wa maigidana ba tukuna. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka makwancinka, ya sa duk inuwar da ka gina wa bayinsa ta zame maka hujja. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama da 'ya'yanka huɗu da jikoki, Allah ya ba su haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙo ya yi wa Baba addu'a. In ya tuna, ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, ya haɗa da ni.