Inna ta ƙi shiga motata

Ɗazu da azahar na taka birki a hanyar Shagari, ganin wata tsohuwa da damin gero a ka, rana na dukanta.

Na ce, "Inna, zo in rage miki hanya."

Ta ja da baya. "Ɗana, don Allah wuce. Haka anka ce ma maƙwabcinmu, har yau ba mu gane shi ba."

Shekarun baya wani baƙo ya kai ni Boɗinga da buhun albasata kyauta. Abin da ya roƙa kawai, ni ma in yi wa wani.

Ta madubi na ga ta bar titi, ta faɗa gona.

Jama'a, wannan amanar, wa zan miƙa wa yanzu?