Man da Ke Kan Siririyar Waya

Shekara talatin Mai Kunne yana gyaran mota, kuma ba a banza sunan ya bi shi ba. Zamanin kafireta, kunne kawai yake karawa a bonet ya gaya maka ciwon inji. Da motoci masu kwamfuta suka shigo bai ja da baya ba, ya zage ya koya, har masu motocin tsere suka san garejinsa. Abu ɗaya ya hana shi sakat: ƙanensa Auta, abokin aikinsa, mai gemu da 'ya'ya uku, amma musu kamar ɗan yaye.

Rigimarsu kullum a kan awon iskar da inji ke shaƙa take. Mai Kunne ya kafe kan sensar cikin bututu, mai siririyar waya da ke auna iskar da ta wuce. Auta kuwa mai auna matsin iska yake so, kwamfuta ta ƙiyasta sauran.

"Ga awo, ka ce sai canke?" in ji Mai Kunne. "Kai dai Allah ya shirye ka."

Sai ga wata jar mota ta dawo karo na uku, da an taka totur sai ta shaƙe. Sau biyu Mai Kunne yana sa mata sabuwar sensa. Haushi ya ishe shi, ko abinci bai taɓa ba.

"Yaya, bar ni in mayar da ita kan matsi mana."

"In wayar nan ce ta gaza, na bar maka saitin mota har abada!" Mai Kunne ya faɗa a gaban mai motar.

Auta ya zare sensar, ya ɗaga ta a hasken ƙofa. Wayar tana naso. Ya buɗe matatar iska, ga ta sharkaf da mai. Ya juyo ya dubi yayansa.

Tun zamanin kafireta, Mai Kunne ba ya sallamar mota sai ya shafe matatarta da mai don ta kama ƙura, kuma hannunsa ba ya rowa. Man nan iska ke kwasa ta lulluɓe wayar.

"To Yaya, ka ci musu," Auta ya ce a hankali. "Wayar ba ta da laifi."

Mai Kunne ya dubi yatsunsa, suna ta ƙyalli. Kunya ta rufe shi. Ya goge su a wando, ya sake gogewa.

"Ina ma a ce laifin wayar ne," ya ce.