Ranar da na goya Baba zuwa kasuwar Ajingi

Wata bakwai Baba ya yi ba ya ce mini komai sai amsa gaisuwa. Laifina ɗaya ne: ni na zare mukullin babur ɗinsa na jefa a aljihu, bayan likita ya ce yanar idonsa ta wuce a bar shi ya hau titi. Ƙannena duk sun yarda a karɓe, amma da aka zo karɓar sai kowa ya tuna yana da uzuri. Tun daga ranar tsohon babur ɗin yake jingine a zauren gidanmu na Toranke, kaji suna hutawa a kan kariyarsa ta ɗaure kaya. Baba kuma ya daina zuwa kasuwar Ajingi, inda ya tsufa yana awon gyaɗa. In an ce za a kai shi, sai ya ce shi ba buhu ba ne. Abin yana cina ƙwarai, don ni da shi mun saba hira.

Ana nan sai wani abokina da muke koyarwa tare a Gaya ya yi tafiya, ya bar mini ajiyar babur ɗinsa. Ba irin namu na kai yara makaranta ba ne. Ƙato ne mai injin si-si ɗari shida da hamsin, ba gilashin gaba, ba robar da ta rufe shi, injin da duk kayan cikinsa a fili. Ya ce in riƙa ɗumama shi, ni kuwa na fahimci ɗumamawa har da zuwa gida.

A tsaye nauyinsa ya ba ni tsoro, amma da ya fara tafiya sai nauyin ya ɓace. Ɗan abin da ka murɗa totur, sai ka ji an fizge ka ta kafaɗu. A kwalta iska ta cika mini riga, ta dinga tura ƙirjina baya, zafin injin kuma yana gasa mini ƙwauri. Duk da haka na kasa daina murmushi cikin hular kwano, ni da furfurata.

Na tarar da Baba a kan tabarma a ƙofar gida. Ko gaisuwa ban gama ba ya ce, "Motar wa ka ɗauko?"

"Babur ne, Baba."

Ya miƙe ya laluba tanki, ya gangaro da hannu har injin ya ƙona masa yatsa. "Ina rigarsa? Ɓarayi ne suka kwance?"

"Haka aka ƙera shi."

"A ina ake ɗaure buhu?"

"Ba a ɗaurewa."

"To uban me ake yi da shi?" Ya shafa 'yar kujerar baya, wadda ba ta fi faifai ba, ya yi tsaki. "Tashe shi in ji."

Na tashe shi. Ya karkata kai yana saurare, ya ce silinda biyu ce, kuma ya faɗi daidai. Sai ya shige gida. Na zaci hirar ta ƙare, sai ga shi da rigar kasuwa da hularsa, don ranar kasuwar ce. Ya ce, "Mu je. Kai ka riƙe kan, amma ni zan tuƙa."

Kuma shi ya tuƙa ɗin. Babur ɗin da ya yi sarauta a kwalta, da ya ga yashi sai ya rikice, tayar gaba tana neman hanyarta daban. Baba ya dafa kafaɗata yana ba da umarni. "Sakar masa birkin gaba. Bi dama, ta gindin ɗorawa ƙasar ta fi tauri. Kada ka rage wuta, zai kwanta da mu." Duk ramin da ya ambata, a nan na same shi. Na ce ya cire hularsa ya sa a aljihu kada iska ta ɗauke, ya ce in kula da gabana, ya danne ta da hannu ɗaya.

Da muka hau burji ya ce, "Daga nan fili ne har kwalbati. Ba shi wuta mu ga ƙaryarsa!" Na ba shi. Babur ya yi gurnani ya miƙe, gonakin gyaɗa suka dinga wucewa, Baba ya ƙyalƙyale da dariyar da na manta yana da ita.

Sai ga amalanken shanu ya fito daga gona da lodin harawa, ya gindaya a hanya. Na matse birki. Duk gudun nan babur ya tsaya cak, bai ko karkace ba.

"Wa ya ce ka tsaya?" in ji Baba.

Bijimai biyu ne farare tas, tsakaninmu bai fi taku huɗu ba, ga rana tsaka. Kafin in amsa mai amalanken ya ce, "Sannunku, Alhaji, a yi haƙuri."

Baba ya ce a hankali, "Shanu ne?"

Na ce e. Bai ƙara ba ni umarni ba har muka isa.

A kasuwa ya warware. Abokansa na layin gyaɗa suka kewaye mu, ya dinga yi musu bayanin babur ɗin kamar shi ya ƙera shi, har da cewa rashin rigar don injin ya sha iska ne.

Bayan la'asar na sauke shi a gida. A zaure ya tsaya kusa da tsohon babur ɗinsa, ya cire hular nan, ya zaro wani mukulli ɗaure da zare daga cikinta.

"Kai ka zaci mukulli ɗaya ake sayar da babur da shi?" ya ce. "Duk ranar kasuwa sai na ce yau zan fita."

Tsoro da tausayi suka kama ni lokaci ɗaya. Ya lalubo hannuna ya danƙa mini mukullin.

"Kasuwa mai zuwa ka zo da wuri. Kuma ka gaya wa mai shi ya sa masa kariyar ɗaure buhu."