Ranar da ɗan takara ya buga mana ƙofa

Shekarar da na fara jefa ƙuri'a a Amurka, muna zaune a garin Laurel ni da mahaifiyata. Ina aikin jinya, ita kuma wuni take gaban talabijin. Ba ta jin Turanci, amma ta haddace fuskar wani ɗan takarar majalisar jiha. Kullum hoto ɗaya ake maimaitawa a labarai: ya murtuke fuska, yana nuni da yatsa, yana faɗa kan baƙi 'yan ƙasashen waje.

In na fassara mata sai ta yi tagumi. Ni ma, da takardun zamana cikakku, gabana faɗuwa yake in an ambace shi.

Wata Asabar da la'asar aka buga ƙofa. Na leƙa ta taga, sai ga ɗan takarar da kansa, yana bin gida-gida neman ƙuri'a.

"Shi ne, Inna," na ce a hankali.

Ta damƙe hannuna. "Kar ki buɗe. Ni suka zo ɗauka."

Ban buɗe ba. Gajeren dattijo ne, ruwan sama ya jiƙa masa kafaɗu. Ya sunkuya ya tayar mana da tukunyar fure da iska ta kayar, ya ɗan jira, ya wuce.

Ban zaɓe shi ba, kuma ban taɓa jin jawabinsa cikakke ba. Inna kuwa ta daɗe ba ta yarda na bar ta ita kaɗai a gida ba.