Kan Mota Daga Kongolam

Maharazu ɗan Audi mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Baure, amma Daura ta fi saninsa, don a tasharta ya yi shekara goma sha ɗaya yana jan wata tsohuwar a-kori-kura. Gero, awaki, matan da za su biki, duk ɗauka yake. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa masa sitiyari.

A bazarar 1973 rijiyar ƙauyensu ta ƙafe. Tsohonsa na da shanu goma sha tara, sun rame har ba sa iya tafiya nesa. Maharazu ya bar lodin kasuwa, ya koma kai musu ruwa a duro kullum. Rana ta tara taya ta fashe a wata kwana mai rairayi, motar ta kife. Shi ya fito da tsagewar goshi kawai, amma kan motar ya lotse har rufi ya taɓa kujera, katakon bodin baya kuma ya watse.

Aka jawo ta Daura, wurin Lawal mai walda. Lawal ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana kakkaɓe riga.

"Inji lafiya, shasi lafiya," in ji shi. "Kan ne ya gama. Sai an samo wani."

"Kwana nawa za ka ɗora?"

"Samo tukuna, Maharazu."

Ya zaga Daura, ya je Mai'adua, babu. A Kongolam, bakin iyaka, ya tarar da wata matacciyar mota ta Nijar, kaji na ƙwai a cikinta. Ya ba mai ita kekensa da rediyonsa, aka kwance masa kai da bodin ƙarfe.

Da aka sauke su a gareji Lawal ya riƙe baki. Motar Maharazu tun kafin canjin hannun tuƙi take, sitiyarinta a dama. Wannan kan kuwa ramin sitiyarinsa a hagu. Ramukan noti ma sun kauce da yatsa uku, bodin ya fi shasi tsawo.

Ran nan wani mai sayar da igiya ya zo daga ƙauyensu Maharazu, ya ce shanu uku sun faɗi, tsoho da jarka yake jigila a kan jaki.

"Aikin nan na Kano ne," in ji Lawal. "Mu tura shi can, mako biyu."

"Ba ni da mako biyu. Yanka shi."

"In na yanka ba daidai ba, kan zai rabu da kai a hanya."

Maharazu ya durƙusa a cikin baƙin mai, gaban mutane, ya kama ƙafar wandonsa. "Malam Lawal, don girman Allah. Tsohon nan ba shi da komai sai su."

Lawal ya kunna wuta. Suka huda sabon rami a dama, suka toshe na hagu da murfin duro. Ana cikin rage bodi iskar walda ta ƙare, suka koma guduma da zarto har tafin Maharazu ya fashe. Ƙofar direba ta ƙi rufuwa, ya ɗaure ta da igiya. Birki ya ƙi kamawa kwana biyu. Saƙo ya sake zuwa: shanu tara sun faɗi.

Ranar da ta tashi bai tsaya gwaji ba. Ya ɗora duro shida, ya kama hanyar Baure, ƙarafa na kuka a bayansa.

Ya tarar da tsohon zaune a gindin aduwa, an shanya fatu a ƙasa. Shanu biyar ne a tsaye.

"Baba, na makara."

Audi ya dubi motar, kai shuɗi, bodi ja, ya dubi hannayen ɗansa. "Sannu. Fara ba karsanar can, ita ce ba ta sha ba tun jiya."

Biyu suka ƙara mutuwa kafin ruwa ya sauka. Maharazu ya ci gaba da jan motar har 1979. Da damina rufinta na zuba a kafaɗarsa, sai ya yafa buhu ya wuce.